Mai Zagin Baba

Babana bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba har ya bar duniya, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Azne ne, mai bin addinin kakanni, na wani ƙauye da ke bayan garin Bambai a ƙasar Adar, a gindin dutse, inda kakanninsa suka fara sare daji suka haƙa rijiya. Da damina manomi ne kamar kowa. Da rani kuwa igiya yake tuƙawa, ta kaba da ta ɓawon kuka, irin doguwar nan ta guga, don rijiyoyin Adar ba sa wasa da zurfi. Kafin shuka yakan hau dutsen nan da jan zakara, ya yi abin da ubansa ya koya masa, ya sauko. Ni kuwa mai salla ce tun ina yarinya, domin bayan rasuwar innarmu gwaggota ce ta riƙe ni a Tawa, ita kuma musulmi ta aura ta bi shi. Labari ya kai wa Baba cewa na fara salla. Lahadin da ta biyo baya sai ga shi da 'yar butar duma a cikin buhun igiya, ya ce in daina aron ta mutane.

Abu ɗaya tak ya taɓa roƙona a rayuwarsa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata," ya ce, "in kwanana sunka ƙare ina nan birni, kak ki bari a bizne ni nan. Ki maishe ni gida, kusa ga ubana."

Ni ya faɗa wa, ba maza ba, don 'yan'uwana maza biyu irin samarin Adar ne sosai: da an ɗaure damin ƙarshe sai Abijan, ba a sake ganin ƙeyarsu sai hadari ya fara haɗuwa. Na yi masa dariya na ce ya bar zancen mutuwa, mutumin da ke cin tuwo kamar magini. Amma na ce to, shi kuma ya riƙe wannan to ɗin.

Kowace Lahadi yana kasuwar Tawa. Ran Asabar yake ɗora wa jakinsa igiyoyi ya taso, da safe ya baza su a rumfarsa. Maƙwabcinsa wani malami ne mai sayar da dabino da gishirin da Buzaye ke saukowa da shi daga arewa, dogo, siriri, da farin gemu da baki kamar barkono. Malam mai dabino kowa ke ce masa. Rumfunansu dirka ɗaya suka haɗa, zana ɗaya ta raba su, tun kafin a haife ni. Kuma tun kafin a haife ni Malam ke zagin Baba.

"Arne ya iso?" Ita ce gaisuwarsa ta safe. "Makamashin Jahannama, an kwana ana bauta ma dutse?"

Kada wani ya ce wasa ne. Ba taubasantaka tsakaninsu, ba wasan dangi, ba na gari. Malam da gaske yake yi. Bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Baba ba, in kuwa hannun Baba ya taɓa butarsa sai ya ɗauraye ta a gabansa. Baba yakan ci gaba da murza kaba a cinyarsa, wani lokaci ya ɗago ya ce, "Malam, in wutag ga ta yi saura ka ɗebo muna, gujiyata ɗanya ta." Sai Malam ya yi ta a'uziyya yana kaɗa carbi kamar zai tsinka shi.

Ni dai abin yana ci mini rai, kuma ni ba mai haɗiye magana ba ce. Gwaggo ta sha cewa da namiji aka haife ni da tuni an kai ni kaso.

Shekarun farko ne na samun 'yancin kai. Rediyon mai shagon unguwarmu kullum sai ta faɗa cewa ƙasa ta zama tamu, kowa ɗan ƙasa ne, kowa da addininsa, ba mai taka wani. Ni kuwa na ɗauki maganar da zafinta. Lokacin na yi aure har na haihu, nakan kai wa Baba fura kasuwa da hantsi. Wata Lahadi na iske wani mutum yana taya igiya, ya ce ta rijiyar masallacinsu ce. Sai Malam ya leƙo ta saman zana ya ce masa, da ƙarfi yadda layin duka zai ji, ya tabbata ya wanke ta sosai kafin ya zura, don daga hannun arne ta fito. Mutane suka kwashe da dariya. Mai sayen ma ya yi dariya, ya biya, ya tafi da igiyarsa.

Na dire ƙwaryar fura na wanke Malam tas. Na ce masa gemun banza, na ce karatunsa bai wuce maƙogwaro ba, na ce wasu abubuwan da ba zan rubuta ba yanzu da nake da jikoki. Sannan na ɗaura gyale na ce kwamisariya za ni, wurin 'yan sanda, yau sai an nuna masa zamani ya sake. Baba ya kamo bakin zanena ya ce in zauna. Na zauna ina huci.

"In kin tahi, mi za ki ce musu ya yi min?"

"Zalunci," na ce. "Don ba ka salla."

"Ya hana ni rumhwa?"

"A'a."

"Ya hana a sayi igiyata? Ga ta can an tahi da ita. Ya tare min hanyar dutse? In na zagaya wurin bisashe, wa ka tsaron kayana?"

"Amma ya zage ka gaban mutane!"

"Ya zage ni, i. Shi ya ɗauka wuta za ni, abin na ba shi haushi. Ni na ɗauka wurin ubana za ni. Ɗayanmu ya yi kure, amma ba kumandan ka raba wagga shari'a ba." Ya ɗauki ludayi ya motsa furar. "Uwata, ni na ga zalunci da idona ina yaro. Na ga an ɗaure ƙanen ubana ga rana don ya ƙi tuba, anka amshe gonatai anka ba wani. Ranan nan ba wanda yaz zage shi. Da ladabi anka yi."

Duk wannan Malam yana ji ta bayan zana. Ya yi tsaki, ya ci gaba da awon dabino.

Ban je kwamisariya ba, amma ban yarda da Baba ba, har yau ma ban gama yarda ba. Shi namiji ne mai rumfa da jaki, in kasuwa ta tashi ya koma gindin dutsensa inda kowa irinsa ne. Ni ce mai zama cikin gari. Ni ake ce wa ɗiyar arne a bakin rijiya in an yi faɗan layi, ni mata ke janye wa ƙwarya a gidan biki kamar ba da gangan ba. Na ga yara sun bi jakin Baba suna arne, arne mai cin mushe, kuma na san ba daga cikin uwa suka fito da waƙar ba, a bakin manya irin su Malam suka ji ta. Zagi yana da zafi, duk wanda ya ce ba shi da zafi ba a yi masa irin wanda ya taɓa uwa da uba ba. Tun daga ranar na daina gaishe da Malam, shi kuma in ya gan ni sai ya ce wa Baba, "Ga ɗiyar arne nan tahe da hushi."

Wanda nake kafa misali da shi kuwa shi ne yayan mijina, Alhaji, babban gidanmu, ɗan kasuwar yadi ne mutumin Maraɗi. Mutum mai sanyin murya, ko kaza bai iya kora da ƙarfi ba. In Baba ya zo gaishe ni, Alhaji da kansa zai fito ya ce, "Baba, sannu da hanya, ya mutanen gida, ya bisashe?" Nakan ce wa Baba, ka ga musulmin ƙwarai, ba irin tsohon nan na kasuwa ba. Baba sai ya ce haka ne, mutumin kirki ne. Na lura dai Baba bai taɓa wuce zaure ba. Na lura akwai wani kwano da ake ajiyewa a kan katanga, da shi kaɗai ake ba shi ruwa. Ranar sunan ɗana ma a waje aka shimfiɗa masa tabarma, ƙarƙashin dogon yaro, aka ce cikin zaure zafi zai dame shi. Na gani sarai, na ce wa raina ai girmamawa ce.

Ana nan, wata bazara tari ya kama Baba. Ya saba da taurin kai, ya ci gaba da zuwa kasuwa, har wata Asabar ya iso ƙofar gidanmu ya kasa sauka daga kan jaki. Mijina ya tafi Kano saro kaya, 'yan'uwana suna Abijan, gwaggo ta riga mu gidan gaskiya. Alhaji ya ce, cikin tausayi, gidan likita ya fi masa, can ne magani yake. Na kai shi, aka ba shi gado. Na yi ta zirga-zirga da kunu, yana sha kaɗan yana mayarwa. Ya ga Lahadi ɗaya a kwance, yana tambayata ko an yi ciniki. Ta biyun da sassafe, ina gyara masa mayafi, ya kalle ni ya ce, "Uwata, gida." Bai ƙara wata magana ba ya cika.

Ma'aikacin da ke kula da ɗakin, wani Bazabarme mai kirki, ya bari na yi kukana, sannan ya faɗa mini gaskiya. Ya ce zafi ne, gawa ba ta jira. In azahar ta yi ba wanda ya zo ya ɗauka, 'yan kaso, wato fursunoni, ake kirawo su kai ta inda ake binne baƙin da ba su da kowa. Haka dokar take ga kowa, ba don Baba aka yi ta ba.

Na ruga gida. Alhaji yana zaure, ya saurare ni har ƙarshe, ya yi salati, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Na ce a kawo Baba gida tukuna, a nemi makara, a ba ni aron kamyo, babbar motar kayan nan da yake da hannu a ciki, a kai shi ƙauye. Ya sunkuyar da kai, muryarsa kamar mai lallashin jariri.

"Kin san yadda nike ganin girman Baba. Amma gidan ga gidan salla ne, mutane za su yi magana. Makara kuwa ta masallaci ce, ba ni da iko da ita. Kamyo abincin mutane yaka ɗauka. Ki yi haƙuri, ƙasa duk ɗaya ce. Ki bari ma'aikata su yi aikinsu cikin sutura, ba wanda zai ji. Kuma ke matar aure ce, bai kamata a gan ki kina yawo cikin gari ba."

Ba wanda zai ji. Wannan ce ta tsaya mini a rai. Na miƙa ɗana ga maƙwabciya, na kwance jakin Baba da ke ɗaure a bayan gida, na fita ban ce masa sai na dawo ba.

Na je tasha. Direbobi suka taso da sauri da suka ji aikin ɗaukar gawa ne, sai ɗaya ya tambayi ta wa. Da na faɗa, sai kowa ya tuna da wani uzuri. Wannan tayarsa ba lafiya, wancan hanyar ba ta biyuwa, wani kuma fasinja ba za su yarda ba. Dukansu sun ce Allah ya ba ni haƙuri. Ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa, ba kuma wanda ya zage shi. Na tsaya a tsakiyar tasha riƙe da igiyar jaki, rana tana hawa, inuwata tana ƙanƙancewa, ina ganin 'yan kaso a raina suna jan Baba zuwa ramin baƙi.

Fushi yana neman inda zai sauka, nawa kuwa ya san hanya. Ban je kasuwa neman taimako ba, wallahi, na je ne in zuba wa Malam abin da ke cikina. Kasuwa ta cika maƙil, ranar Lahadi ce. Rumfar Baba ba kowa, Malam yana tsugune yana auna wa wata mata dabino.

"To, Malam, sai ka huta," na ce. "Makamashin naka ya tahi. Ka hura wutarka."

Tiyar awon ta suɓuce daga hannunsa, dabino ya watse a ƙasa. Ya kalle ni, ya kalli zanar, ya sake kallona.

"Yaushe?"

"Da sahe."

"Ina yake?"

"Gidan likita. In azahar ta yi 'yan kaso za su kai shi ramin baƙi. Shi ko gida yac ce in kai shi. Ka ji daɗi?"

"'Yan kaso?" Ya miƙe tsaye. "Mutumin da nic ci shekara da shekaru ina zagi, 'yan kaso? Ina surukan naki masu manyan riguna?"

Kuka ya ƙwace mini. Malam ya ƙwala wa 'ya'yansa maza biyu kira, manya ne masu iyali, suna can gefen gishiri. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Ki ji da kyau, ɗiyar arne. Ba ni yi mai salla. Ba ni wanke shi. Kak ki ma roƙe ni. Amma maƙwabcina na, kuma gida za shi."

Ya juya ya kama zanar da ke tsakanin rumfunan ya fizge ta. Ya ce wa 'ya'yansa su tuge dirkar tsakiya da ta gaba. Babban ya ce, "Baba, rumhwar za ta hwaɗi." Ya ce ta faɗi mana. Ta kuwa rufto a kan buhunan dabino, ranar kasuwa, ana tsakiyar ciniki, bai ko waiwaya ba. Ya zura hannu bayan kayansa ya jawo buhun igiyoyin Baba, ashe tun da Baba ya kwanta shi ke ɓoye da shi don kada gara ta taɓa. Ya zaɓi mafi tsawo ya ja ta da hannu biyu, ya ce, "Arne dai ya iya tuƙa."

A bakin kasuwa akwai wani Buzu da ke kawo masa gishiri daga wajen Takanamat, raƙuminsa na gurfane an sauke masa kaya. Malam ya je ya yi masa magana kaɗan. Buzun ya tambayi wane ne, aka ce mai igiya. Ya gyara amawalinsa ya ce rijiyarsu da igiyar mutumin nan take sha, ya tashi ya kama akala.

A gidan likita 'ya'yan Malam da Buzun ne suka ɗauko Baba. Na rufa masa gwadonsa, na sa walkinsa a kan ƙirji, suka naɗe shi cikin zanar, suka sa dirka ɗaya ta kowane gefe, suka ɗaure tamau da igiyar da ya tuƙa da hannunsa. Malam yana tsaye daga nesa yana ba da umarni, yana faɗa wai ɗaurin bai yi ba, a sake. Aka ɗora a kan raƙumi. Ladan bai kira azahar ba muka fito.

Ta tsakiyar gari muka bi, don Malam ya ce ba ɓarawo muka ɗauko ba da za mu bi lungu. Raƙumi a gaba, Malam a kan jakinsa, ni a kan na Baba, 'ya'yan Malam a ƙasa. Mutane suna tsayawa suna kallo. Wani dattijo ya ce, "Malam, gawar wa?"

"Ta arne," in ji Malam. "Matsa muna."

Muka wuce ta ƙofar gidanmu. Alhaji yana zaune a bakin zaure, da ya hango mu sai ya tashi ya shige ciki a hankali. Ni kuwa na miƙe wuyana. Ban taɓa jin girman kaina kamar na wannan rana ba, ina bin gawar ubana da rana tsaka, gari duka yana gani.

Hanyar Bambai da bazara ba ta da daɗi, duwatsu ne baƙaƙe da ƙaya da rana mai dukan ƙeya. Da muka bar gidajen ƙarshe sai Malam ya matsa da jakinsa kusa da raƙumi ya fara.

"Taurin kai! Na hwaɗa maka, na hwaɗa maka, kalma guda ta, ko yaro na iya ta. Kak ƙi. To ga shi nan. Kai da dutsenka! Dutse ya zo ya ɗauke ka yau? Ni na, ni da kaka ba haushi." Can ya sake farawa. "Wa za shi aje min igiyar ɗaurin buhu yanzu? Waɗanga na zamani, ka ja sau guda ta tsinke."

Da fari na so in tanka, don jinina ya fara tafasa kamar kullum. Sai na ji muryar tana karyewa a tsakiya, na ga yana goge ido da jelar rawani yana cewa ƙura ce. Na kama bakina, abin da ban saba ba.

Da la'asar muka tsaya a gindin wata aduwa. Buzun ya gurfanar da raƙumi a inuwa, muka yi taimama don ruwan goran na sha ne. Malam ya ja salla, maza a bayansa, ni a bayansu. Da ya sallame ya juya ya kalli zanar.

"To, yau dai an yi salla gabanka ba ka da bakin gardama," ya ce. Bai ɗaga hannu ya yi masa addu'a ba, na lura. Ni na yi tawa a zuci, Allah ya san abin da na roƙa.

Rana ta yi ja muka hango dutsen. Yaran da ke kiwo suka gane jakin suka ruga da labari, kafin mu kai rijiya mata sun fara kuka. Dattawan garin suka fito, ƙanen Baba a gaba. A bakin rijiyar nan Malam ya sauka, ya ce iyakarsa ke nan. Ya shimfiɗa buzunsa, ya juya wa dutsen baya, ya zauna da carbinsa. 'Ya'yansa suka miƙa gawar ga masu ita suka dawo wurinsa.

Aka yi wa Baba yadda ake yi wa azna. Ba zan faɗi abin da ba nawa ba ne in faɗa. Na tsaya inda mata ke tsayawa, daga nan ana hangen wurin. Na ga an sa shi kusa da ubansa, da walkinsa da tsohuwar hauyarsa, na ga ƙasa ta rufe kafin duhu ya shiga. Sai a lokacin ƙafafuna suka gaya mini sun gaji. Na zauna a ƙasa na ce a raina, Baba, ga ka gida.

Ƙanen Baba ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya nuna bakin rijiya da haɓa.

"Wane na wancan da yab ba mu baya?"

"Mai zaginai na," na ce.

"A'a! Shi na Malam mai dabino?" Fuskarsa ta washe a tsakiyar makoki. "Ai mun san shi. Kullum yayana yad dawo kassuwa sai mun taru ya ba mu sabon zagin da anka yi mai. Har kwaikwayon muryatai shikai."

Suka yanka akuya suka kai wa baƙi. Malam ya leƙa kwanon ya ce, yadda kowa zai ji, "Ba ni cin yankan anna." Dattawan suka yi dariya har da tafawa, wani ya ce lalle shi ne. Aka kawo masa fura da nono, ya sha, ya ce ba laifi.

Shekaru sun tafi, na ji wannan gardama a bakin mutane da yawa, masu karatu da marasa shi, ko zagin mutum don addininsa zalunci ne ko ba zalunci ba. In an tambaye ni nakan ce zagi mugun abu ne, kuma ko gobe aka zagi ubana a gabana sai na rama, tsufa bai rage mini wannan ba. Amma nakan ƙara da cewa ranar da aka tashi hana Baba abu ɗayan da ya roƙa a duniya, duk waɗanda suka hana da sannu da haƙuri suka yi mini magana. Na zauna gida ɗaya da Alhaji shekaru bayan haka, muna gaisawa lafiya lau, ban sake kafa misali da shi ba.

Washegari da safe muka yi shirin komawa. Ƙanen Baba ya kawo dirkokin nan biyu da zanar a naɗe, an kakkaɓe ta. Malam ya ce wa 'ya'yansa su ɗora dirkokin a raƙumi, rumfa ba ta tsayuwa babu su. Zanar kuwa ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba.

"Ku bar ta nan," ya ce. "Mi za ni rabawa da ita?"

Ya juya fuska wajen rijiya, ya ja jelar rawani ya daɗe yana gyarawa. Sannan ya hau jakinsa, ya waiwayo ya ga ina tsaye ina kallon dutsen.

"Ke ɗiyar arne! Ki hau jakin ubanki mu tahi, rana na yi."

Sunan da na yi shekaru ina faɗa a kansa a bakin rijiya da gidan biki ke nan. Na share fuskata na kama igiyar jakin.

"Na'am, Malam," na ce.